Ranar da muka hau tudun Hermitage

Talata da dare, tsakiyar Satumba.

Gwiwoyina sai kuka suke, ga takalmana can bakin ƙofa sun sha ƙura. Da na ga jadawalin fitar wannan zango, cewa ajinmu na nazarin ƙasar noma zai je gonar inabin da ake yin giya da shi, sai da na yi jim. Ni ba na sha, gidanmu ma ko a hira ba a kawo ta. Amma ƙasa aka ce mu je mu tona, kuma ƙasa ce ta raba ni da garinmu Keita a Nijar ta kawo ni Faransa, don haka na ɗauki awartakina da ledojin samfur na shiga mota.

Da hantsi muka isa Tain, ƙaramin gari a bakin kogin Ron, arewa da Valence kaɗan. Tudun yana tsaye a bayan garin kamar bango, an rubuta sunayen manyan masu gonakin da manyan baƙaƙe a jikin katangunsa: Chapoutier, Jaboulet. Sunan tudun Hermitage, amma a bakinsu Ermitaj suke cewa. Duk sunan da ya yi a duniya, gonakin da doka ta yarda su ɗauki wannan suna tun 1937 hekta 130 ne da 'yan kai. A can ƙoli akwai ɗan ɗakin ibada, wai wani mayaƙi ne ya dawo daga yaƙi a 1224 ya keɓe kansa a wurin. Almara ce dai, ban tsaya kanta ba.

Malamarmu ba ta bari mun taɓa ƙasa ba sai da ta sa muka juya muka kalli kogin. Ron daga arewa yake gangarowa kudu, amma a nan sai ya yi kwana ya nufi gabas na ɗan lokaci, ya bar tudun yana fuskantar kudu sak. A ƙasar da rana ke bi ta kudancin sama, wannan gata ne babba: ganye yana shan haske tun safe har la'asar, tudun kuma ya tare sanyin arewa da bayansa. Sai na tuna mu a gida inuwa muke nema wa shuka, su nan rana suke wa fada.

Ramin farko mun haƙa shi a ɓangaren yamma, wurin da suke kira Les Bessards. Ban yi tafin hannu biyu ba na fara jin awartaki yana ƙara. Dutsen giranit ne da ya ruɓe ya zama tsakuwa mai kaushi, idan ka murza ta sai ta watse, ba ta dunƙulewa ko ka jiƙa ta da miyau. Asalinsa yanki ne na duwatsun Massif Central, tsaunukan tsakiyar Faransa da ke tsallaken ruwa, kogin ne ya yanke shi ya bar shi a gabas. Da wani zai nuna wa Baba wannan ƙasa ya ce ya saya, dariya zai yi. Ko gero sai ya yi da gaske.

Nan ne malamar ta zauna kan katanga ta warware mana zancen. Irin wannan ƙasa ba ta riƙe ruwa, taki ma kaɗan gare ta. Kurangar inabin sai ta tura saiwa cikin tsagar dutse tana laluben damshi, ta daina ɓarnar ƙarfi wajen fitar da ganye, ta yi 'ya'ya ƙanana masu kaurin ɓawo. Launi da bauri kuwa a ɓawo da ƙwaya suke. Ƙaramin inabi ruwansa kaɗan, ɓawonsa da yawa, don haka abin da aka matse yakan fito baƙi wuluk, da bauri mai kama harshe. Wannan baurin, tare da tsamin da inabin bai rasa ba, su ke kare giyar daga lalacewar da iska ke jawowa, har ta yi shekara ashirin ko talatin a kwalba, baurin yana laushi a hankali, launin yana komawa na jan birki. Ta ƙara da cewa ƙishin sai ya zo daidai gwargwado. In ya yi yawa kurangar takan tsaya cak, inabin ya ƙi nuna.

Tana cewa tanin, wato sinadarin da ke kawo baurin, sai na ji warin marina da majema a hancina. Ai shi ne abin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jiƙa fata a ciki don kada ta ruɓe. Na faɗa mata, ta ce in maimaita wa aji. Abokina ɗan Senegal ya ce su ma da ita suke jima. Wani dattijo mai aikin gonar, da ke ɗaure rassa a jikin turakun katako da suke kafa wa kowace kuranga, ya tsinko mana 'yan ƙwayoyin Sira, irin inabin da ake yin jar giyar tudun da shi. Ya ce kada in haɗiye da sauri, in tauna ɓawon, in fasa ƙwayar da haƙori. Zaƙi ya fara zuwa, sai baurin ya biyo, kamar na ɗanyen goro. Ya ce idan ƙwayar ta yi ruwan ƙasa tana ƙaras, yanka ya kusa.

Da muka matsa gabas zuwa Le Méal, tafiyar 'yan mintoci, sai ƙasa ta sauya gaba ɗaya: duwatsu mulmulallu irin na bakin gulbi, da farar ƙasa a ciki. Muka ɗiga asid, ta yi kumfa saboda farar ƙasar, alhali ta farko ko motsi ba ta yi ba. Can sama kuma akwai ƙasa mai laushi da iska ta tara tun zamanin ƙanƙara. Shi ya sa gida irin na Chave, da ke noman inabi a yankin tun 1481, ke haɗa amfanin ɓangarori daban-daban. Wata 'yar ajinmu ta ce ta karanta cewa ana jin ɗanɗanon giranit a cikin giyar. Malamar ta girgiza kai: saiwa ba ta tsotso ɗanɗanon dutse, abin da ƙasa ke juyawa shi ne ruwa da taki da ɗumi. Na fi yarda da wannan. Masu sayarwa dai dole su yi wa hajarsu kirari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai katangun ne. Gangaren ya yi tsayin da tarakta ba ta shiga wurare da yawa, sai doki ko hannu, kuma ba don waɗannan jerin duwatsu ba da ruwan sama ya kwashe ƙasar ya kai kogi. Irinsu iyayenmu mata suka jera a kan tuddan Ader a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, suna ɗauko dutse a ka. Na daɗe ina shafa wata, har aka kira ni.

Da rana sauran suka shiga ɗakin ɗanɗano. Na ce su je, na sami gindin wata katanga na yi azahar, iskar arewa tana neman ɗauke mini darduma. Ita ma ashe tana cikin lissafi, ita ke busar da ganye bayan ruwa ta rage cutar funfuna.

Bayan isha'i na kira gida. Baba ya ce, "Yau me aka koya maka?" Na ce, "Baba, gonar da ake hana shuka ƙoshi da gangan don abin ya yi ajiya." Ya ce, "Wannan har sai ka je Turai? Albasar Galmi in ka cika mata ruwa da takin zamani, girma za ta yi, amma ba ta kai wata biyu a rudu." Inna daga nesa tana tambaya ko na ci abinci.

Ledoji tara ke kan tebur, biyu alƙalamin ya goge a jikinsu. Gobe sai na sake ɗiga asid kafin in san wacce ce ta Le Méal.