Murar da ta ƙi ƙarewa

Jiya da la'asar na tarar da 'yar ƙanwata a kemis ɗin bakin layi, riƙe da hannun yaronta ɗan shekara 4, baki buɗe, majina mai kauri har leɓe. Kwalbar maganin tari ta uku ke nan cikin wata guda. Na ce, "Ke, yaron nan yana tari da dare?" Ta ce, "Inna, mura ce kawai," idonta na kan waya. Gabana ya faɗi, don da bakina na sha faɗin haka.

Autana haka ya taso. Da hunturu ya kama, hanci ya toshe, sai minshari kamar babba, sai tari wajen ƙarfe ukun dare. In ba shi magani, in shafa masa man zafi, in rufe ɗaki ruf don kada sanyi ya shiga, sannan in kunna igiyar leƙo, ga kaskon turaren wuta a gefe. Wai gata nake yi masa. Amma ku yi mini adalci, wace mace ce ɗakinta ba ya ƙamshi? Sauro kuma wasa ne? Asibiti sai ki yi sammako ki wuni a layi saboda majina, maigida ya ce kin cika ɗoki. Duk da haka na ga alamu. Yana cewa kumatunsa na ciwo, bakinsa na wari da safe, in ya yi gudu sai ya dafa gwiwa. Na gani, na kau da kai.

Daren da ƙirjinsa ya fara kuka kamar kyanwa, haƙarƙari na shiga suna fita, a kafaɗa muka kai shi asibiti. Asma, abin da iyayenmu ke kira fuka. Likitar ce ta zana mini a takarda: akwai kogunan iska cikin ƙasusuwan fuska, a kumatu da tsakanin idanu, na goshi sai yaro ya kai wajen shekara 7 suke fitowa. In suka kumbura, majina ta taru, da ya kwanta sai ta gangara maƙogwaro. Hanci ne ke tace iska ya ɗumama ta. In ya toshe, ƙura da busasshen sanyi ta baki suke wucewa kai tsaye zuwa huhu. Ta ce hanci da huhu hanya ɗaya ce, kumburin sama yakan tayar da na ƙasa.

Ko a nan ban gama wauta ba. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta ce wanda ya fara shaƙar inhela, wato 'yar kwalbar maganin asma da ake shaƙa ta baki, ba ya rabuwa da ita. Na ɓoye wadda aka ba shi cikin kwalla wata biyu. Sai da muka sake kwana a asibiti na fito da ita. Da muka dage da wankin hanci da ruwan gishiri da maganin fesawa, tarin dare ya ja baya sosai.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu ba kwa karanta abu mai tsawo. Mura ta wuce kwana 10 ba sauƙi, a kai yaro likita ya duba hanci da ƙirji tare. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kada ya wuce 'yan kwanaki, toshewar dawowa take yi fiye da da. Turare ya fita daga ɗakin da yake kwana, a ɗaura gidan sauro. Kada ku biye wa maganar tsofaffi kan inhela. Na san ni ma tsohuwa ce, amma tawa ku ji.

'Yar ƙanwar tawa dai ta biya kuɗin kwalbarta ta wuce. Gobe da asuba zan buga mata ƙofa, katin asibitin ni zan yanka.