Tallafin ƙibar yara da munka samu a Birnin Kebbi, da abin da na gani

Farkon 2023 ne wata ƙawata ta turo min sanarwa a WhatsApp, wai wata gidauniya daga waje za ta ba ƙananan ƙungiyoyi tallafi su yi aikin hana ƙibar yara da koya ma iyaye abinci mai gina jiki. Gaskiya da na karanta sai da raina ya sosu. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, shekara da shekaru ina ɗaura ma yara igiyar auna damtse, na san yadda gabana ke faɗuwa in ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaro ya shiga tamowa mai tsanani kenan. To a nan Kebbi wa ke ta ƙiba?

Ɗan yayata ne ya sa na sake tunani. Suna zaune Gesse, shekararshi tara, amma in ya ɗan yi gudu sai haki kamar tsoho. Da safe Indomie da lemon kwalba, a saka mishi biskit da alewa da wani lemon cikin jaka, ya dawo makaranta ya kwanta da wayar uwarshi har magariba. Kakarshi kuwa alfahari take, jikana ɓulɓul tubarkalla, ai hutu ne. A gidan nan dai akwai mai wanki da ke zuwa da goyonta, ran nan na auna yarinyar igiya ta tsaya kan ruwan ɗorawa, wato matsakaiciyar tamowa. Gida ɗaya fa, tsakar gida ɗaya, kuma duk su biyun ba wanda ke cin wake ko ƙwai ko ganye yadda ya kamata. Abin da na rubuta ma gidauniyar kenan, na ce mu a nan in za a yi maganar ƙiba sai an haɗa da tamowa, don uwa ɗaya ce za ka koya ma duka biyun. Sunka yarda.

Kafin su yarda ɗin kam mun sha wuya da takardu. Ƙungiyarmu ta mata ce, muna da rajistar CAC, hukumar yi ma kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, amma ba mu da lambar haraji, ba mu da satifiket ɗin SCUML na sashen hana halatta kuɗin haram, asusun banki ma na shugabarmu muke amfani da shi, su kuma sun ce dole sai asusu da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Saura ƙiris lokaci ya ƙure muna. Duk mai ƙungiya don Allah ya haɗa waɗannan tun babu sanarwa.

Babban kuskurena kasafin kuɗi ne. Na rubuta farashin komai daidai da yadda na tarar a kasuwa, ban bar ko sisi ba don ko-ta-kwana, sai ga shi ranar 29 ga Mayu anka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota da niƙa da waken suya duk sunka bi ta, mu kuma kuɗinmu bai shigo ba sai bayan nan. Unguwa huɗu munka yi alkawari, dole na rubuta musu na nemi izini munka koma biyu, Badariya da Gesse. Ban ɓoye musu komai ba kuma ba su yi faɗa ba.

Zaman farko a makarantar Islamiyya ta matan aure bai yi armashi ba ko kaɗan. Na tsaya ina lacca da fastocin da anka turo muna masu hoton tuffa da wasu ganyayyaki da ba mu taɓa gani a kasuwarmu ba, mata na hamma, ana gamawa kowa ta karɓi kuɗin mota ta tafi. Wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, wanga abincin hoto ina za mu same shi? Ki gaya muna abin da ke cikin tukunyarmu." Wallahi ita ta gyara min aikin.

Daga nan munka aje fastoci, munka soke kuɗin mota, munka koma girki. Mutane sun ragu amma waɗanda sunka rage da gaske suke. Munka soya hatsi munka haɗa garin kunun Tom Brown a gabansu, gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya da anka soya anka cire ma ɓawo, 1 na gyaɗa. Kwaɗon zogale da ƙuli, dambu da rama, ɗanwake da ƙwai, kifin da Allah ya hore muna a jihar nan wanda wasu gidajen sai mai gida kaɗai ake zuba ma. Masu goyo kuma nono zalla har wata shida, ko ruwa babu, nan ne munka fi shan gardama da kakanni.

Abin da ya fi girgiza matan Gesse shi ne sukari. Na kawo lemon roba na 50cl, munka karanta jikinshi tare munka lissafa, sannan na riƙa ɗiban sukari da ƙaramin cokali ina zubawa cikin farar leda suna ƙirgawa har munka wuce goma. Wuri ya yi tsit. Wata Hajiya ta ce ɗanta uku yake sha kullum, kuma ubanshi na da ciwon suga. Gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace litar lemon zaƙi tun dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma ba ta taɓa hana yaro shan lemo ba, wannan ledar ce ta sa wasu sunka koma zoɓo da kunun aya na gida mai sukari kaɗan.

Inda na makara shi ne maza. Wata uku ina koya ma mata alhali mai gida ke cefane, shi ke dawowa da tsarabar lemo da biskit da dare. Sai da munka roƙi liman ya ba wani abokin aikina minti goma bayan sallar isha'i kafin munka fara ganin wake da ƙwai na shiga gidaje.

Rasit ma ya so ya ja muna matsala, don mai zogale ba ta da rasit, kashi na biyu na kuɗin ya tsaya sai da munka buga 'yar takarda mai saye da mai sayarwa na dangwala hannu.

Kuɗin sun ƙare tuni. Mata biyu a Badariya har yanzu suna haɗa garin Tom Brown suna ƙullawa a leda suna sayarwa, yarinyar mai wanki igiyarta ta koma kore, alamar ta fita daga tamowa. Ɗan yayata yana fita ƙwallo da yamma yanzu, jikin ya ɗan saki, sai dai kakarshi na nan tana ɓoye mishi lemo a ɗakinta, ranar Juma'a ma sai da munka sake zama da ita.