Hasken da ya ishi idona bai ishi shukata ba

Har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna alobera ɗin da na rasa. Mai sayarwa ya ce min shukar ɗaki ce, ba ruwanta da rana, ko'ina na ajiye za ta yi. Sai na ɗora ta kan tebur can ƙuryar falo, inda nake karatu da rana ba tare da kunna fitila ba. A ganina haske ya wadata.

Sannu a hankali ganyenta suka sirance, suka koɗe, suna miƙewa wajen taga. Ruwa kuwa ban fasa ba ta ba. Ashe da haske shuka ke haɗa abincinta, in babu shi ba ta shan ruwa sosai. Ƙasar tukunyar ta daɗe a jiƙe, saiwa ta ruɓe. Ran da na ɗaga ta, gindin ya yi laushi har yana wari.

Sai da na sauke manhajar auna haske a waya na gane girman abin. A fili da tsakar rana haske kan kai luks (ma'aunin ƙarfin haske) 100,000, ƙuryar ɗaki kuwa sau da yawa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Idon mutum yana sabawa da ƙarancin haske nan take, shi ya sa ba ma lura. Taku biyu ko uku daga taga, haske ya ragu ƙwarai. Da mutumin nan ya faɗa min haka, da alobera na nan da ranta, don ita mai son haske ce sosai. Shukar moda ce ke jure lungu, ita ma jurewa take yi, girmanta a hankali ne.

Yanzu kafin in ajiye tukunya sai in ɗaga hannuna a wurin da rana. In inuwar ta fito tsaf, rana na dukan wurin. In ta yi dishi-dishi, yawancin shuke-shuken ɗaki nan suke so. In babu inuwa, ba na ajiye komai.

Tagar gabas na fi yarda da ita, ranar safe ba ta da zafi. Ta yamma sai da labule mai shara-shara. Kuma kada tausayi ya sa a ɗauki shukar da ta saba da duhu a kai ta rana lokaci ɗaya. Ganyen zai ƙone, tabon kuma ba ya warkewa. A riƙa matso da ita kusa da taga kaɗan-kaɗan.