Saura ƙiris a goge wa Umma hotunanta saboda kwanan wata

Satin da ya wuce Umma ta dawo daga ƙauye, ta yi kusan sati uku can wajen biki, wayarta kuma tun kwana na biyu caji ya ƙare ta jefa ta cikin jaka tunda ba wuta a garin. Da ta dawo aka sa mata caji, waya ta kawo lafiya lau, ga sabis cike, ga 4G a sama, ana kira yana shiga, amma WhatsApp ya ƙi, YouTube da take sauraron tafsiri ya ƙi, komai dai ya tsaya cak. Ƙanina ya ɗauka ya kai shagon gyara, yaron shagon ya ɗan latsa ya ce sai an yi mata filashin. To filashin fa goge komai ne, kuma a wayar nan akwai hotunan marigayi Baba da muryarshi da ya turo mata daga Makka shekarar da ya je aikin hajji, ba mu da su a ko'ina sai nan. Allah ya taimaka ƙanin nawa bai riƙe kuɗi ba ya dawo gida karɓa, shi ne na ce ya koma ya amso wayar tukuna.

Na zauna kan tabarma kusa da ita, tana ta tambaya "ba dai ta lalace ba ko?" ina cewa "Umma ki kwantar da hankalinki, in sha Allahu ba komai." Na fara danna *323# na ga akwai data, wajen giga ɗaya da rabi ma. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta haɗe lambobin nan, ko wane layi kake *323# na duba data ne, *310# na duba kuɗi, *312# na sayen data, har yanzu mutane da yawa tsofaffin suke dannawa. Sai idona ya kai kan agogon wayar, la'asar ta yi amma yana nuna ƙarfe biyun dare, na shiga saitin na duba kwanan wata, wallahi wayar ta koma watan Janairu na wata shekara can baya. Na kunna wajen da take saita lokaci da kanta daga layi, ko minti ɗaya ba a yi ba saƙonni suka fara shigowa kamar ruwan sama, na guruf ɗin 'yan uwa kaɗai ya fi ɗari biyu.

Ga abin da ke faruwa. Duk manhajar da za ta shiga intanet sai ta duba wata takardar shaida ta wajen da take son shiga, don ta tabbatar ba ɓarayi take miƙa wa bayananka ba, takardar nan kuma tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa kamar lasin tuƙi. In wayarka tana ganin shekarun baya ake, sai ta ɗauka takardar ba ta fara aiki ba, sai ta ƙi yarda. Shi ke nan fa. In batir ya mutu murus ya daɗe, ko irin wayoyin da ake cire batir, agogon kan rikice haka.

Abin da ke damuna shi ne komai ya faru sai mu ce sabis ne, in ba sabis ba to waya ta lalace, alhali yawanci wani ɗan abu ne a saitin. Wani ya sayi datar soshiyal mai arha, wadda WhatsApp da Facebook kawai take buɗewa, sai ya zo tura kuɗi a manhajar banki ta ƙi, ya ɗauka bankin ne. Wani layi biyu gare shi, data na kan sim na ɗaya waya kuma an saita ta tana jan na biyu. Akwai waɗanda suka sa VPN, wato manhajar da ake zagayawa da ita a shiga shafin da aka toshe, tun lokacin da gwamnati ta rufe Twitter a watan Yunin 2021, an buɗe tun Janairun 2022 amma abin na nan a wayarsu, wata rana ya kunnu ya maƙale ya tare hanya gaba ɗaya, in ka ga ɗan hoton makulli a saman waya to shi ne, kashe shi. Sai Data Saver, yana da amfani sosai ga mai lallaɓa data, amma yana hana manhaja aiki in ba ka buɗe ta ba, shi ya sa wani sai ya shiga sannan saƙon safe ya iso.

Na APN kuwa, wato saitin da ke haɗa waya da intanet ɗin layinka, waɗanda suka yi zamanin Nokia da 2go da Opera Mini sun san shi, lokacin da sai an turo ma saitin ka ajiye kafin ka hau. Yanzu waya na ɗauka da kanta, amma waɗanda ake kawowa kwance daga waje wani lokaci ba sa ɗauka, ka sa data alamar 4G ko H+ ta ƙi fitowa sam. Ka shiga wajen APN ka maida shi yadda ya zo, in ya ƙi ka rubuta da hannu, na MTN web.gprs.mtnnigeria.net ne, na Glo gloflat, ka adana ka kashe wayar ka kunna.

Ba na cewa sabis ba ya ɗaukewa, yana yi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, Najeriya da Gana da maƙwabta duk aka shiga wahala, bankuna ma sai da suka ji a jikinsu, ranar ba saitin da zai yi maka magani. Hanyar ganewa ba wuya, ka tambayi na kusa da kai mai irin layinka, in nashi na yi to matsalar a hannunka take. Ko ya kunna ma hotsifot ka gwada.

Masu gyara kuma don Allah, na san da yawanku kun iya aiki kuma kuna da amana, amma kafin ku ce filashin ku tambayi mai waya me ke ciki. Ga tsohuwa irin Umma wannan ba ƙarfe da gilashi ba ne kawai.

Daren ranar ban kwanta ba sai da na kwashe hotunan da muryoyin na zuba a memori, na kuma tura wa yayata da ƙannena biyu kowa ya ajiye nashi. Umma ta ce in kunna mata muryar Baba, na kunna, yana ce mata sun sauko daga Arfa lafiya, a gaida yara. Sau uku ta sa na maimaita.