Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Kaina Ya Kulle a Ɗakin Gawa

Assalamu alaikum masu bibiyar labarin nan. Makon jiya mun tsaya ne a inda na shiga aji biyu, wato lokacin da karatun likitanci na gaske ya fara, anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri duk a lokaci guda. Yau zan ba ku labarin ranar da har yanzu in na tuno ta sai gabana ya faɗi.

Ni fa tun ina ƙarama ba a taɓa barina ni kaɗai da karatu ba, a sakandare akwai mai kaɗa ƙararrawa a tashi, akwai mai cewa a shiga aji, akwai mai kashe fitila a kwanta, ni nawa kawai in bi kuma ina bi ɗin ina zuwa ta ɗaya. To a nan babu wannan. Lakcara zai shigo ya zuba muku abin da zai ishe ku sati biyu cikin awa ɗaya ya ɗauki jakarsa ya fita, ko kin gane ko ba ki gane ba ruwanki. Ƙasusuwa 206 ne a jikin babban mutum kuma kowanne da sunan tudunsa da raminsa, jijiyoyin kwanya 12 kowacce da hanyar da take bi, ga damin jijiyoyin nan da ke fitowa daga wuya su sauka hannu, daga C5 zuwa T1 a lambobin da ake ba gaɓoɓin ƙashin baya, wanda na zana shi ya fi a ƙirga. Da abin ya yi min yawa dabara ɗaya ce ta zo min, in rage barci. Daga awa shida na koma huɗu, da jarabawa ta matso na yi kwana uku wanda in aka haɗa barcina duka bai kai na dare ɗaya ba.

Jarabawar irin ta zagaye ce, tebur-tebur a ɗakin gawa inda muke koyon sassan jikin mutum, kowane tebur an soka allura ko an ɗaura zare a wata gaɓa, ki rubuta sunanta kafin a buga ƙararrawa ki matsa gaba. Warin fomalin, maganin da ake adana gawa da shi, na shiga ido kamar kullum. A tebur na huɗu zaren yana ɗaure da jijiyar nan da ke wucewa ta bayan gwiwar hannu, wadda in mutum ya buge ta yake jin kamar shokin har ƙaramin yatsa. Wallahi na san ta, ni da kaina na koya wa wata ƙawata ita kwana biyu kafin nan. Amma na tsaya ina kallonta babu komai a kaina, zuciyata na dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe, biro na rawa. Aka buga ƙararrawa. Daga nan ban ƙara dawowa hayyacina ba, ina tebur na biyar ina tunanin na huɗu, ina na shida ina lissafin makin da na zubar, haka har aka gama.

Na koma ɗaki na ja bargo na yi kuka mai isata. Wadda muke ɗaki ɗaya da ita 'yar aji biyar ce, Yaya nake ce mata, ba ta ce min uffan ba sai da na yi shiru don kaina. Sannan ta zauna bakin gadona ta ce, ƙanwata, awa nawa kika yi barci a satin nan? Na faɗa mata. Ta ce to ai kin karanta masanin nan Hans Selye a fisiyoloji, faɗa min matakan da ya ce jiki ke bi in matsi ya yi masa yawa. Na ce Yaya uku ne, jiki ya firgita, ya daure, sannan ya gaji ya sare, tun 1936 ya fara bayaninsu daga gwajin da ya yi da ɓeraye. Ta ce ke a wanne kike? Ban iya amsawa ba. Na san kotisol, sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa in yana cikin matsi, daga glandar da ke saman ƙoda yake fitowa, na san a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, na rubuta duk wannan a takarda an ba ni maki, amma ko sau ɗaya ban taɓa kawo wa raina jikina ake nufi ba.

Abin da ta sa ni yi ba wani babba ba ne. Ta ce in samo ƙaramin littafi, sati guda kada in canza komai, in dai rubuta gaskiyar abin da nake yi da kowace awa. Abin da na gani ya girgiza ni, zaman da nake kira karatun awa goma, rabinsa waya ce da gyangyaɗi da maimaita shafi ɗaya ina ja masa layi. Daga nan ni da kaina na yanka wa kaina doka, ƙarfe sha ɗaya littafi a rufe ko an gama ko ba a gama ba, abu uku kacal zan rubuta da safe in ce yau su zan iya, kuma in na karanta sai in rufe littafin in zana shi da ka, washegari in sake, bayan kwana uku in sake. Mafi wuya a ciki ita ce maganar da nake yi wa kaina, kullum ke daƙiƙiya ce, ba ki dace da nan ba. Yaya ta ce duk abin da ba za ki iya faɗa wa majinyaci ba kada ki faɗa wa kanki. Na daɗe kafin na iya wannan, har yau ma ina kan koyo. Sai daga baya na ji ashe abin har suna gare shi, jagorancin kai, wanda wani malamin jami'a a Amurka, Charles Manz, ya yi ta rubutu a kai tun shekarun 1980.

Amma kada wani ɗalibi ya karanta wannan ya ɗauka littafi da jadawali suna maganin komai, a'a. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Amurka, JAMA, ta buga a 2016 ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci suna da alamun ciwon damuwa, kusan kashi 11 sun taɓa tunanin kashe kansu, kuma cikin masu alamun kusan kashi 16 ne kawai suka nemi magani. Mu da ake koya wa duba wasu, mu ne ke ɓoye namu. Wannan yana min ciwo sosai, don akwai wadda na sani a ajinmu da nata ya wuce na rashin barci, kuma duk ba mu lura ba.

Sati uku bayan nan aka liƙa sakamako a allo, Yaya ta riƙe hannuna muka tafi tare. Abin da na gani a wurin, da kiran da wani malaminmu ya yi min ofishinsa washegari, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.