Zaman Bakin Tafki da Kyamara: Yadda Nake Ɗaukar Hoton Tsuntsayen Ruwa

Tafkin da na fi zama a bakinsa ƙarami ne, irin wanda ruwan damina ke bari a fadama, ya riƙa ja da baya har ya kusa ƙafewa kafin bazara. Gabar gabas akwai kacala, tsakiya ganyen bado ne, ta yamma kuma taɓo ne da shanu suka tattake wajen shan ruwa. Hotunan da nake ji da su kusan duk a nan na ɗauke su, kuma inda na zauna da lokacin da na iso sun fi kyamarar tasiri a kansu.

Watannin da suka fi albarka su ne daga Nuwamba zuwa Maris. A lokacin ƙananan gulabe sun bushe, tsuntsaye sun taru a ɗan ruwan da ya rage, ga kuma baƙi da suka ƙetaro Sahara daga Turai don guje wa sanyin can. Duk wanda ya je dausayin Haɗeja da Nguru, ko Dagona a jihar Yobe, ko Baturiya a Jigawa, ya ga yadda agwagin ƙetare ke cika ruwa a wannan lokaci. Ƙaramin tafki ma yana samun rabonsa. Shamuwa kam ba ta cikin lissafin rani. Da ruwan farko take zuwa, mai son hotonta sai ya jira damina.

Kafin in fito da kyamara a sabon wuri, nakan yi kwana biyu ko uku ina zuwa da madubin hangen nesa kawai, mai lamba 8x42, da ɗan littafin rubutu. Ina lura da reshen da ake yawan sauka a kai, da gefen da balbela ke kiwo, da lokacin da makiyaya ke kawo shanu, domin da garke ya iso zama ya ƙare na kusan awa guda. Kashin tsuntsu fari a kan kututture alama ce cewa wurin masauki ne na kullum. A cikin kwanakin nan ne kuma nake zuwa gaishe da mai unguwa da masuntan da ke aiki a ruwan, in faɗi abin da ya kawo ni. Mutumin da ya ɓuya a cikin ciyawa da dogon ƙarfe baƙi a hannu, a wannan zamani na rashin tsaro, dole ya tayar wa jama'a hankali. Masunta kuma sun fi kowa sanin inda kirinjijiya ke kwana.

Da safe gabar gabas nake zama, kuma dalili biyu ne. Rana tana bayana, haskenta ya faɗa kan tsuntsu, idonsa ya yi ɗan ƙyalli. Na biyun shi ne iska. Tsuntsu yana fuskantar iska idan zai tashi ko zai sauka, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa. Ke nan rana da iska duk suna bayana, agwagwar da za ta sauka ni take fuskanta, fukafukai a buɗe, ƙafafu a miƙe. Wanda ya zauna a yamma da safe jela zai yi ta ɗauka da baƙar inuwa. Da yamma, daga bayan la'asar, nakan koma gabar yamma saboda haske, amma iska ba ta tare da ni, shi ya sa yammaci na bar shi wa tsuntsayen da ke tsaye.

Da an idar da sallar asuba nake kama hanya, in zauna kafin gari ya waye sosai. Maɓoyata zana biyu ce da sanda huɗu, na huda tagar da ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Ina kafa ta kwana uku kafin ranar aiki, don tsuntsaye su saba da ganinta. In babu hali, gindin kacala da tsohon buhu a lulluɓe ya wadatar. Farar riga ba ta da wuri a nan. Kaya masu launin ƙasa ko toka-toka nake sawa. Abin da ya fi launi korar tsuntsu shi ne motsi, musamman ɗaga kai da sauri ko juya kyamara farat ɗaya. Zalɓe yakan tashi tun ina da nisan taki hamsin idan a tsaye nake tafiya, amma idan ya same ni a zaune shiru, yakan matso har taki goma sha biyar yana farauta. Babban mai tona asiri shi ne zakaran ƙeƙuwa. Da ya hango mutum zai ɓarke da kuka yana shawagi, kowa ya watse. Idan ya fara, ba na motsi ko kaɗan. Bayan minti goma zuwa ashirin yakan gaji ya sauka, sauran su dawo.

Gilashin kyamarata mai milimita 400 ne, a kan kyamara mai ƙaramin faranti, wato ɓangaren cikinta da ke kama hoton. Ga lissafin da ya kamata mai farawa ya riƙe: a nisan mita 10, faɗin abin da hoton zai ɗauka bai wuce santimita 60 ba, wato tsuntsu mai girman kurciya zai cika rabin hoton. A mita 30 faɗin ya kai kusan mita 1.8, kurciyar ta zama ɗan ɗigo. Yanke hoton a kwamfuta ba ya dawo da zanen gashin da ba a kama ba tun farko. Ƙasa da milimita 300 wahala ce, sai dai ga manya irin su zalɓe da dinya.

Ba na amfani da doguwar ƙafa mai uku da ake ɗora kyamara a kai a bakin ruwa. Wata 'yar jaka na ɗinka na zuba mata gero mudu biyu, in ajiye ta a ƙasa ko a kan juyayyen kwano, in ɗora gilashin a kai, ni kuma in kwanta rub da ciki a kan leda. Wannan shi ne abin da ya fi canja min hotuna. Idan kyamara tana daidai da idon tsuntsu, bayansa ya koma ruwa mai nisa ko ciyawar ƙetare, duk su narke su yi laushi, tsuntsun ya fito fes. Daga tsaye kuwa, taɓo da kashin shanu da ledojin da iska ta kwaso duk sai sun shigo hoton.

Saurin ƙyaftawar kyamara shi ne abin da nake fara saitawa. Tsuntsu a tsaye, 1/500 na daƙiƙa ya isa. Mai tafiya yana caccakar taɓo, 1/1000. Mai tashi sama, 1/2000 ko fiye, in ba haka ba bakin fukafukai ya yi dishi-dishi. Ƙofar haske ina barin ta tsakanin f/5.6 da f/8, ISO kuma, wato ƙarfin jin haske na kyamara, in bar shi ya hau har 1600 da sassafe. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Saitin gani, wato inda hoto zai fito tangaran, a kan ido nake ɗora shi, da ɗigo ɗaya ko ƙaramin rukuni, kuma a yanayin da ke bin abin da ke motsi. Idan na bar kyamara ta zaɓa da kanta, karan kacala da ke gaba take kamawa ta bar tsuntsun.

Balbela ta fi kowa ɓata hoto. Fara ce tas, ruwan bayanta kuma duhu, sai kyamara ta ɗauka wurin ba haske ta ƙara, gashin ya ƙone ya zama farin fili ba zane. Ina rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki a ma'aunin hasken kyamara, wani lokaci mataki guda, in kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda hoto ya ƙone. Shirwa a sararin sama mai hazo akasin haka ce, sai na ƙara mataki guda kafin ƙarƙashin fukafukinta ya fito. A tsarin RAW, wanda ke ajiye hoto ɗanye yadda kyamara ta kama shi, nake ɗauka saboda irin wannan gyara.

Akwai wani tsuntsu mai kamun kifi, fari da baƙi, da ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fukafukai kafin ya faɗa ruwa da ka. Shi na fi sauƙin samu, domin yana da ɗabi'ar komawa reshe ɗaya ya bubbuga kifin kafin ya haɗiye. Na kafa busasshen reshe a cikin ruwa, tsayinsa kamar mita ɗaya a saman ruwan, nisan mita 8 daga zana, a inda babu wani masauki kusa. Cikin 'yan kwanaki ya karɓe shi. Nakan saita gani a kan reshen tun kafin ya dawo, in jira. Haka ma mai dogayen yatsun nan da ke taka ganyen bado kamar a kan tabarma, ja-ja mai farin wuya da shuɗin goshi: hanya ɗaya yake bi yana kiwo, sai in zaɓi ganyen da haske ya fi kyau in jira shi a can. A wannan jinsi namiji ne ke renon 'ya'ya, har yakan ɗauke su a ƙarƙashin fukafukai, ƙafafunsu na reto. Idan na ga haka ba na matsawa. Sheƙa kuwa ba na kusantarta sam, domin uwar da ta tashi daga kan ƙwai ta bar su ga zafin rana da hankaka, kuma sawun mutum hanya ce ga yara masu danƙo.

Wajen ƙarfe tara da rabi zuwa goma nake tattarawa. Daga nan haske ya yi tsauri, zafi kuma ya fara tashi daga ƙasa yana karkaɗa iska, duk abin da ya wuce mita 20 sai ya fito a narke ko da saiti daidai yake. Mutane da yawa kan zargi gilashinsu a kan wannan, alhali iskar ce. Ranar da hazo ya yi kauri, na nesa ba ya fita, amma na kusa yakan yi kyau ƙwarai saboda hasken ya yi taushi.

Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Ba na cire gilashi daga jikin kyamara a fili. A ɗaki nake haɗa su. Idan na dawo, da 'yar robar hura iska nake fara kore ƙurar kafin in sa ƙyalle, don goge ƙura a busasshe yana karce gilashi. Batir biyu nake ɗauka, da memori na ajiya a aljihu.

Ruwan kansa ba na shigarsa da ƙafa tsirara. Tafkin da ba ya gudu, mai dodon koɗi, shi ne matattarar tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Takalmin roba mai tsawo nake sawa lokacin kafa reshe, in ruwa ya taɓa ni in goge jiki nan take. Kafin in shimfiɗa leda nakan bubbuga ciyawar da sanda saboda maciji, musamman da sanyin safiya lokacin da yake kwance bai da kuzarin gudu. Man sauro a wuya da bayan hannu kawai nake shafawa, in wanke tafin hannuna kafin in taɓa kyamara, domin irin mai sinadarin DEET yana cin robar jikinta.