Kuɗin yara da daren gasa: abin da na koya a kulob ɗin dambe

Na ajiye aikin sakataren kulob ɗinmu na damben zamani, kuma tunda tambayar dalilin ajiyewar ta yi yawa, gara in yi bayani sau ɗaya kowa ya ji. Wanda ya san zauren ya san yadda muke tafiya: kuɗin wata na mambobi, ɗan abin da iyaye ke kawowa, sai kuma taimako in Allah ya kawo.

Taimako mafi girma da muka taɓa samu ya fito ne daga wata gidauniya, kuma ni na rubuta takardar neman. An ba mu kuɗin ne da sharaɗi a rubuce: na ajin yara 'yan ƙasa da shekara 16 ne, a sayi safar hannu daidai hannunsu, hular kariya, robar kare haƙora, a kuma tura koci biyu su koyi taimakon gaggawa. Kuɗin na shiga asusu, shugaban kwamiti ya taso da maganar daren gasa. Akwai wani yaro a kulob ɗin mai hannu da ƙafa, wanda shugaba ya ƙwallafa rai a kai cewa shi ne zai fito da sunanmu. So yake a haɗa masa babban dare, a gayyato manya, a cika zaure.

Mutanen da ba su taɓa haɗa gasa ba suna ganin tikiti kawai. Kafin a sayar da tikiti ɗaya sai an biya hayar dandamali, izinin hukumar dambe, alƙalan wasa, likitan da zai zauna gefen igiya, motar asibiti, inshora, masu tsaro, da kuɗin motar 'yan damben da aka gayyato. Duk wannan kuɗi ne da ke fita ko mutane sun zo ko ba su zo ba. A taron kwamiti na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin da sunan yara aka ba mu, kuma sa hannuna ne a takardar." Ya ce, "Malam sakatare, rubutu aka ɗauke ka ka yi. Aro za mu yi, daren gasa zai mayar da shi har da riba." Sauran suka sunkuyar da kai.

Ana dab da ranar, yaron ya sha naushi a atisaye har ya suma. Ƙa'idar damben da ba na kuɗi ba ba ta da wasa a nan: wanda aka sumar ba ya hawa dandamali sai bayan aƙalla kwana 90. Shugaba ya matsa a rufe maganar, likita ya ƙi, kuma har gobe ina yi wa likitan nan addu'a. Babban wasan dare ya rushe, masu tikiti da yawa suka karɓi kuɗinsu, bashi ya rage mana. Da gidauniyar ta nemi rahoto da rasit, sai shugaba ya faɗa wa kwamiti cewa sakatare ne bai tsare lissafi ba, aka kuma rubuta haka a kundin taro ina zaune. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, fiye da asarar kuɗin. Yaran suka ci gaba da karɓa-karɓar safar hannu ta manya, wadda ke juyawa a hannunsu in sun kai naushi.

Bayan wannan na zauna da littafin kuɗi na duba wa ke biyan hayar zauren tun farko. Ba masu shiga gasa ba ne. Yawancinsu matasa ne marasa aiki da muke yafe wa kuɗin wata, kuma daidai ne a yafe musu. Masu riƙe da kulob ɗin su ne waɗanda ba za su taɓa hawa dandamali ba: ma'aikatan da ke zuwa da sassafe su bugi buhu kafin su tafi aiki, matan da ke da ajinsu su kaɗai da koci mace, da dattawan da likita ya ce su motsa jiki. Shugaba na kiransu "'yan rage tumbi", ba ya ko tsayawa su gaisa. Su ne ke biya kan lokaci, su ne ke kawo 'ya'yansu ajin yara, kuma a cikinsu ne ake samun mai kamfanin da zai ɗauki nauyin riguna. Ajin matan da aka yi ta ja da ni kafin a buɗe, yanzu sai an yi layi, alhali damben mata ya shiga gasar Olamfik tun 2012 a Landan. A Indiyanapolis ta Amurka, tun 2006 shirin Rock Steady Boxing ke amfani da atisayen dambe ba tare da bugun juna ba don masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki. Zauren dambe na iya yi wa mutane aikin da ba shi da alaƙa da kambu.

Ba na adawa da neman zakara, don dambe ne ya kawo ni. Amma zakara ba a zaɓensa tun yana ƙarami a zuba masa kuɗin kowa. Muhammad Ali yana ɗan shekara 12, a 1954, ya je kai ƙarar satar kekensa a Luwisbil, ya faɗa hannun ɗan sanda Joe Martin da ke koyar da yara dambe. A 1960 ya ci zinare a gasar Olamfik a Rum. Anthony Joshua sai da ya kai shekara 18 ya fara a kulob ɗin unguwa na Finchley a Landan, a 2012 ya ci zinaren Olamfik. Abin da waɗannan wuraren suka yi shi ne barin ƙofa a buɗe ga duk wanda ya shigo. Sannan suna ba ya biyan kuɗin ruwa da wuta: zauren Kronk na Ditroyit, inda Emanuel Steward ya horar da Thomas Hearns, an rufe ginin asalinsa a 2006 duk da zakarun duniya da ya fitar.

Kuɗin gidauniyar kuwa mun mayar da shi ajin yara, ba da daren gasa ba. Mun shirya ranar tsallen igiya, kowane yaro ya nemi 'yan'uwa da maƙwabta su yi alkawarin wani abu kan kowane minti da ya yi. Ba haya, ba likita, ba wanda ya ji rauni, iyaye kuma suka ga abin da 'ya'yansu ke koya. Na bi 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya da tayin da ba shi da nauyi: ɗauki nauyin yaro ɗaya na shekara, mu kuma duk wata uku mu kawo maka rahoton zuwansa da karatunsa. Mutum ya fi sakin hannu in ya san inda kuɗinsa ya tafi. Na kuma ba da hayar zauren da hantsi, lokacin da babu kowa, ga masu koyar da wasu wasannin. Kafin in tafi kowane yaro na da safar hannu daidai shi, koci biyun kuma sun karɓi takardar shaidarsu.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kuɗin da aka bayar da sharaɗi a ba shi asusunsa daban. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu. A manna lissafin wata a bango inda kowa zai gani. In za a yi daren gasa, a sami mai ɗaukar nauyin likita da dandamali kafin a buga tikiti, kuma kada a rataya daren a wuyan yaro ɗaya. Wanda bai yarda da shawara a taro ba ya tabbatar an rubuta ƙin yardarsa kafin a tashi.

Na miƙa wa sabon sakatare littafin kuɗi, rasit, da lambobin masu ɗaukar nauyin yara, komai a cike. Zan ci gaba da zuwa ajin safe ina biyan kuɗin wata kamar kowa. Abin da nake nema daga kwamitin bai canza ba: a gyara abin da aka rubuta da sunana a kundin taro, a kuma karanta gyaran a gaban mutanen da aka karanta na farkon.